Shafi na Goma Sha Huɗu

An ba ni kwana uku da littafi mai shafi sittin da ɗaya,
aka ce, Piret, karanta, ki ba shi maki cikin goma.
Littafin bayanin manhaja ne, mai gyara dokokin katangar tsaro
ta ƙaramin asibitinmu a Tartu.
Ita ke cewa wane ya shigo, wane ya tsaya waje,
ba ta barci, ba ta shawara da kowa.

Shafin farko ya tarbe ni da fara'ar mai shago:
ga yadda ake girka ta, ga hoto, ga jar kibiya.
Na ba shi takwas a zuci, na ƙara wa shayina sukari.

A shafi na tara misalin ya ƙi tashi.
Na kwafe shi baƙi bayan baƙi,
allo ya ce bai san wannan umarni ba.
Ashe an canja masa suna tun shekara biyu,
littafin bai ji labari ba,
yana ta kiran mamaci ya zo a ci abinci.

Ƙarfe huɗu na yamma, gari ya riga ya yi duhu.
Ƙanƙara na taruwa kan rufin motar ɗaukar marasa lafiya.

Sai shafi na goma sha huɗu.
"Dokoki suna bin jeri," in ji shi, "sauran a bayyane yake."
A bayyane ga wa?
Ta sama ce ke danne ta ƙasa, ko ta ƙarshe ce mai baki?
In na ce a hana kowa, sannan na ce a bar Urmas ya wuce,
Urmas yana ciki, ko yana tsaye yana hura hannu?
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, na sani,
amma ba a faɗa mini ta ina nake tsaga shi da hannuna ba.

Na gwada a na'urar gwaji. Na danna.
Ƙofa ta ashirin da biyu, wadda ni kaina nake bi,
ta rufe, ko ƙara ba ta yi ba.
Ni na ɗora tubalin, ni ce a waje.
Na ruga babin komawa baya.
Kan babin na nan da manyan baƙaƙe,
ƙarƙashinsa layi guda: "Zan cika wannan daga baya. M."

M. shi ne Meelis, ya bar aiki bara,
yana kiwon zuma a tsibirin Saaremaa.
Ya ɗauki waya yana haki, ya ce yana sa kunne jikin amya
ya ji ko suna da rai cikin wannan sanyi.
Na gaya masa. Ya yi dariya:
"Ki jira minti biyar. In ba ki tabbatar ba,
da kanta take janye dokar."
Na ce, a ina ka rubuta haka?
Iska kawai nake ji ta wayar.
Can ya ce, "Na ɗauka kowa ya sani."

Na juya, ƙofar ta buɗe.
Manhajar tana da tausayi, littafin ne ya ɓoye mata shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
to mai ɗakin ya tafi wajen zumarsa.
Na tuna Leelo, wata biyu da fara aiki,
ita ke kwana da na'urorin ranar Laraba.
Ƙarfe uku na dare, hoton ƙirjin wani yaro ya ƙi isa wurin likita,
ita da wannan shafi, su biyu.
Minti biyar ɗin nan, wa zai ce mata na jira ne, ba na kuka ba?

Takardar maki akwati ɗaya gare ta, ɗan ƙarami.
Na rubuta biyar, na goge, na rubuta huɗu.
Shayin ya huce.
Na buɗe farin shafi a bayan na goma sha huɗu,
na fara: "Idan ƙofa ta rufe ki a waje, kada ki taɓa komai.
Dubi agogo."